Masu Binciken Ƙashi: Yadda Ake Horar da Su da Abin da Suke Nema

A duk babban ɗakin gwaje-gwaje da ke nazarin ƙashi, sunan farfesa ne ake ji, amma yawancin aikin yana hannun matasa ne waɗanda ba su kammala horo ba. Su ne ke kiwon ɓeraye, su yanka ƙashi siriri fiye da gashin kai, su ƙirga ƙwayoyin halitta a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan abubuwa, sannan su rubuta sakamakon. Rukuni biyu ne. Na farko ɗalibai ne masu neman digiri na biyu ko na uku, wato digirin digirgir. Na biyu kuwa sun riga sun samu digirin digirgir ɗin, amma suna ƙarin horo na wasu shekaru a ƙarƙashin wani babban masani kafin a ba su nasu ɗakin gwajin. A harshen jami'a ana kiran waɗannan fosdok.

Tsawon tafiyar ya danganta da ƙasa. A Amurka digirin digirgir a fannin kimiyyar lafiya kan ɗauki shekara 5 zuwa 6, domin ana fara shi da darussan aji da zagayawa ɗakunan gwaji biyu ko uku kafin ɗalibi ya zaɓi inda zai zauna. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, kuma tun ranar farko ɗalibi ke shiga bincikensa. Horon fosdok kan kai shekara 2 zuwa 5, wasu ma sukan yi shi sau biyu a wurare daban-daban. Ke nan wanda ya gama digirin farko yana da shekara 22 ba kasafai yake zama mai cin gashin kansa ba sai ya haura 35.

Ba daga ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Akwai likitocin ƙashi da na yara da na cututtukan homon, akwai likitocin haƙori da na dabbobi, akwai masana sinadaran jiki da ilimin gado, akwai kuma injiniyoyi, domin ƙashi gini ne mai ɗaukar nauyi kuma ana auna ƙarfinsa kamar yadda ake auna ƙarfin rodi.

Ƙashin da suke nazari

Mai cin nama ya san ƙashi a matsayin abin da ya rage a kwano. A jikin mai rai kuwa gaɓa ce mai jini da jijiyoyi, wadda ba ta daina aiki dare da rana. Baligi yana da ƙasusuwa 206. An yi su ne da zaren furotin mai suna kolajin, wanda ke ba su danƙo, da ma'adinin kalsiyam da fosfet, wanda ke ba su tauri. Kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake. Ɗan abin da ya rage yana yawo a jini, kuma da shi zuciya ke bugawa, tsoka ke motsi. Idan abinci bai kawo isasshe ba, jiki ba ya jira, sai ya ɗebo daga ƙashi. Wannan hali na ƙashi, na zama rumbun da ake ɗiba a lokacin yunwa, shi ne tushen cututtuka da dama.

Ƙwayoyin halitta iri uku ne ke tafiyar da al'amarin. Akwai magina, waɗanda masana ke kira ostiyoblas, masu shimfiɗa sabon ƙashi. Akwai marusa, wato ostiyoklas, manya-manyan ƙwayoyi masu fitar da asid su narkar da tsohon ƙashi. Su waɗannan asalinsu daga ɓargo ne, dangin fararen ƙwayoyin jini. Sai masu gadi, wato ostiyosait, waɗanda tsofaffin magina ne da ginin ya rufe a ciki. Sun haura kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyin ƙashi, suna da dogayen hannuwa da suke taɓa juna da su, kuma su ne ke jin nauyin da aka ɗora wa ƙashi su ba da umarnin inda za a rusa da inda za a gina.

Marusa kan gama haƙa ramin da suka sa a gaba cikin kamar mako 3, amma magina sai sun yi wata 3 zuwa 4 kafin su cike shi. Ta haka ake sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙashin baligi a kowace shekara. Ƙashi yana ƙaruwa har zuwa wajen shekara 30, daga nan rusawa ta fara ɗan rinjayar gini. Ga mace, idan jinin al'ada ya yanke, homon estrojin da ke taka wa marusa birki ya ragu, sai zaizayar ta yi sauri. Likitan Amurka Fuller Albright ne ya bayyana wannan alaƙa a farkon shekarun 1940. Wanda ya daɗe kwance a gadon asibiti shi ma yana asarar ƙashi, haka 'yan sama jannati, waɗanda ƙashin ƙugunsu kan ragu da sama da kashi 1 cikin 100 a kowane wata da suka yi a sararin samaniya, saboda babu nauyin da masu gadi za su ji.

Cutar da ta fi ɗauke hankalin fannin ita ce zaizayar ƙashi, wato ostiyoforosis. A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ma'auninta: idan kaurin ƙashin mutum ya yi ƙasa da na matashiya mai lafiya da maki 2.5 ko fiye a na'urar awo, to yana da cutar. Gidauniyar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da cutar ta kiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su samu karaya saboda ita. Mafi muni ita ce karayar ƙugu, domin tsoho 1 cikin 4 ko 5 da ya same ta ba ya cika shekara guda a raye bayanta. Bayan ita akwai laushin ƙashi na yara, da ƙashi mai saurin karyewa na gado, da ciwon dajin ƙashi da wanda ya yaɗo daga nono ko daga mafitsara, da karayar da ta ƙi haɗewa, da lalacewar ƙashi ga masu ciwon ƙoda.

Aikin yau da kullum

Abin da ke wahalar da ɗalibin ƙashi shi ne jinkiri. Mai nazarin ƙwayoyin cuta yakan shuka da yamma ya ga sakamako da safe. Shi kuwa mai nazarin ƙashi, idan yana son sanin aikin wata ƙwayar gado, sai ya samar da ɓerayen da aka cire musu ita, ya jira su hayayyafa, ya jira 'ya'yan su kai wata 4 lokacin da ƙashinsu ya nuna. Idan tambayarsa ta shafi tsufa ne, sai ya ciyar da su shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Kuskure ɗaya wajen haɗa uwa da uba kan cinye wata shida daga digirin mutum.

Don kwaikwayon yankewar al'ada, ana cire wa ɓera mace ma'ajiyar ƙwai, bayan wasu makonni a duba ƙashinta. Don sanin saurin gini, akwai wata dabara mai ban sha'awa: a yi wa dabbar allurar wani rini mai ƙyalli da ke manne wa sabon ƙashi, bayan 'yan kwanaki a sake yi. Idan aka yanka ƙashin aka duba, sai a ga layi biyu masu haske, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce ginin da aka yi a waɗannan kwanaki. Ga mutane, maganin tetirasaikilin ake amfani da shi don wannan aiki, sannan a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugu.

Yankan kansa sana'a ce. Naman jiki ana sa shi a kakin zuma ko makamancinsa a yanka cikin sauƙi, amma ƙashin da ba a cire wa ma'adini ba sai an binne shi a roba mai tauri, a yanka da wuƙar ƙarfe ta musamman, kuma sabon ɗalibi kan ɓata watanni yana fitar da yankan da ya yage kafin hannunsa ya faɗa. Akwai ƙaramar na'urar hoto mai nuna cikin ƙashin ɓera ta kowace fuska, inda ake ganin sassan ciki kamar saƙar zuma. Akwai injin da ake ɗora ƙashin cinya a kai, a danna tsakiyarsa har ya karye, a rubuta nauyin da ya karya shi. Wasu ɗakunan gwajin kifi suke kiwo maimakon ɓera, wani ƙaramin kifi mai zane wanda jelarsa ke sake tsirowa cikin makonni.

Waɗanda ke aiki da mutane kuwa abokiyar aikinsu ita ce na'urar DXA, wadda ta shigo a 1987, mai auna kaurin ƙashin ƙugu da na baya da ɗan ƙaramin haske. Su aikinsu ya fi karkata ga bin dubban mutane shekara da shekaru, da lissafi a kwamfuta.

Duk wannan wahala kuɗinta guda ne a kasuwar ilimi: maƙala a mujallar kimiyya. Al'adar fannin ita ce sunan wanda ya yi aikin da hannunsa ya zo farko, na shugaban ɗakin gwaji ya zo ƙarshe. Mai karatun da ya san wannan zai iya gane matasan da ke bayan kowane babban sakamako, ya duba sunan farko kawai.

Abin da ya fito daga hannunsu

A watan Mayun 1997 mujallar Cell ta buga maƙaloli huɗu a fitowa guda kan ƙwayar gado ɗaya, wadda yanzu ake kira Runx2. Ɗaya daga cikinsu sunan Patricia Ducy ne a farko, 'yar Faransa da ta je horon fosdok a ɗakin gwajin Gerard Karsenty a birnin Houston na Amurka. Ta nuna cewa wannan ƙwayar gado ce ke umartar ƙwayar halitta ta zama magini. Sauran maƙalolin sun nuna cewa ɓeran da aka cire wa ita ana haifarsa da guringuntsi zalla, babu ƙashi ko ɗaya, kuma yana mutuwa nan take saboda haƙarƙarinsa ba zai iya jan numfashi ba. Mutanen da ɗaya daga cikin kwafinta biyu ya lalace kuwa ana haifarsu da ƙashin wuyan kafaɗa naƙasasshe ko babu shi ɗungum.

Labarin marusa ya fi tsawo. A 1981 Gideon Rodan da Jack Martin suka kawo hasashen cewa magina ne ke ba marusa izinin aiki. An shafe shekara 17 ana neman saƙon da ke tsakaninsu. A 1997 masu bincike na kamfanin Amgen suka gano furotin da ke hana marusa samuwa, a 1998 kuma su da wata tawaga a Japan suka gano ainihin saƙon, mai suna RANKL. Daga nan aka ƙera allurar da ke toshe shi, denosumab, wadda aka amince da ita a 2010, ana yin ta sau ɗaya a wata 6. Daga hasashe zuwa kantin magani shekara 29 ke nan, kuma ɗaliban da suka fara aikin sun zama farfesoshi masu furfura kafin maganin ya fito.

Wani maganin asalinsa Afirka ne. A cikin Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan akwai wasu iyalai ƙalilan masu wata cutar gado da ke sa ƙashi ya yi ta kauri, muƙamuƙi ya girma, ƙoƙon kai ya matse jijiyoyin ji da na fuska. Abin lura shi ne da ƙyar ƙashinsu ke karyewa. A 2001 aka gano cewa jikinsu ba ya samar da wani furotin mai suna sikilerostin, wanda masu gadi ke fitarwa don tsayar da magina. Masana suka ce to bari a toshe shi da gangan ga tsofaffin da ƙashinsu ya zaizaye. Maganin, romosozumab, ya samu amincewa a Japan da Amurka a 2019, tare da gargaɗin cewa bai dace da wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba da daɗewa ba.

Haka kuma a shekarar 2000 wata haɗaka ta ɗakunan gwaji a jihar Indiyana ta Amurka da birnin Munik na Jamus ta gano homon FGF23, ta hanyar nazarin iyalan da ke gadon laushin ƙashi. Kenneth White, wanda ke horon fosdok a ƙarƙashin Michael Econs a lokacin, yana cikin waɗanda suka yi aikin. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ƙashi da kansa yana aika wa ƙoda saƙo ta zubar da fosfet. A 2018 aka samu maganin da ke toshe wannan homon ga yaran da jikinsu ke samar da shi fiye da kima.

Darasin Jos

Littattafan likitanci na Turai sun daɗe suna koyar da cewa laushin ƙashin yara, wanda ke sa ƙafafu su lanƙwashe kamar baka ko su yi gwame, wuyan hannu ya kumbura, yaro ya makara wajen tafiya, ƙarancin bitamin D ne ke kawo shi. Suna da hujja. A 1919 Edward Mellanby ya warkar da karnuka da man hantar kifi, a shekarar ce kuma Kurt Huldschinsky ya warkar da yara a Balin da hasken fitila mai kama da na rana. Fata ce ke samar da bitamin D idan rana ta taɓa ta. Bisa wannan lissafi bai kamata a ga cutar a ƙasar da rana ke ƙuna ba. Amma likitoci a Jos suna ganin yaran a asibiti, kuma yara ne masu wuni a waje.

Tom Thacher, likitan iyali Ba'amurke da ya yi shekaru masu yawa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, shi da Philip Fischer da John Pettifor na Afirka ta Kudu da abokan aikinsu 'yan Najeriya suka gwada abin. Suka ɗauki yara 123 masu cutar, suka kasa su uku. Kashi ɗaya aka yi musu allurar bitamin D, kashi ɗaya aka ba su miligiram 1,000 na kalsiyam kullum, kashi na uku aka haɗa musu duka biyun, har mako 24. Sakamakon da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 1999 ya nuna cewa kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka sha kalsiyam sun kai ma'aunin warkewa, da kashi 58 na waɗanda aka haɗa wa duka biyun, amma kashi 19 kacal na waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Kusan miligiram 200 kacal na kalsiyam yaran ke samu daga abincinsu a rana. Tuwon masara da sauran hatsi ba su da kalsiyam sosai, kuma suna ɗauke da wani sinadari mai suna faitet da ke riƙe ɗan wanda ke akwai ya hana hanji tsotse shi. Nono kuwa bai kai ga yawancin gidajen ba bayan yaye.

Aikin bai tsaya nan ba. Daga Jos aka fitar da ma'auni mai maki 10 na tantance tsananin cutar a hoton wuyan hannu da gwiwa, wanda yanzu ake amfani da shi a gwajin magunguna a Amurka da Turai. A Jos ɗin kuma aka gwada garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙayarsa, da garin farar ƙasa, aka ga dukansu suna warkarwa. Lokacin da masana na duniya suka fitar da matsaya guda kan cutar a 2016, sun rubuta ƙarancin kalsiyam a matsayin sababi mai zaman kansa, suka ce yaron da ke samun ƙasa da miligiram 300 a rana yana cikin haɗari.

Abin da ya sa malaman fannin ke son ba ɗalibai wannan labari shi ne ba a yi aikin da ɓeraye masu tsada ba. Na'urar hoton ƙashi ce, da gwajin jini, da tambayar uwaye abin da yaro ya ci jiya, da haƙurin bin yara wata shida.

Gambiya ma ta ba da nata mamakin. A ƙauyen Keneba, inda cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya ta daɗe tana aiki, mata na rayuwa da miligiram 300 zuwa 400 na kalsiyam a rana. Tawagar Ann Prentice da masanin Gambiya Landing Jarjou suka ba wasu masu juna biyu ƙarin miligiram 1,500 kullum, da zaton ƙashinsu zai ƙaru. A 2010 suka ba da rahoton cewa a lokacin shayarwa ƙashin ƙugun waɗanda aka ba ƙarin ya fi na sauran raguwa. Fassarar da suka yi ita ce jikin matan ya riga ya saba da tsimin kalsiyam, ƙarin ne ya rikita tsarin. Shawarar da aka gina a kan matan Landan ba lallai ta dace da matan Keneba ba.

Kuɗi da makoma

A Amurka, babbar mai ɗaukar nauyin wannan horo ita ce Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa, NIH, ta hannun reshenta mai kula da cututtukan gaɓoɓi da ƙashi da fata, wanda aka kafa a 1986. Tana da tallafi mai lamba F31 na ɗaliban digirin digirgir, da F32 na fosdok, da T32 da ake ba jami'a ta horar da rukuni. Waɗannan uku na 'yan ƙasa ne da masu izinin zama na dindindin. Wanda baƙo zai iya nema shi ne K99/R00, da aka ɓullo da shi a 2006, mai biyan shekara 2 na ƙarshen horo da shekara 3 na farkon cin gashin kai. Yawancin baƙi dai daga tallafin shugaban ɗakin gwajinsu ake biyansu, abin da ke nufin aikinsu da bizarsu duka suna rataye a kan mutum ɗaya.

A 2024 NIH ta ɗaga albashin fosdok na shekarar farko zuwa dala 61,008 a shekara, na ɗalibin digirin digirgir zuwa dala 28,224. Wanda ya juya wannan zuwa naira zai ce an yi arziki, amma a Boston ko San Faransisko kuɗin haya kaɗai kan lashe rabinsa. Wani kwamitin ba da shawara na hukumar ya nemi a kai shi dala 70,000 tun a Disambar 2023. Kafin nan, a ƙarshen 2022, ma'aikatan bincike da koyarwa kusan 48,000 na Jami'ar Kalifoniya, cikinsu har da fosdok da ɗalibai, sun yi yajin aiki na makonni kan albashi.

Babbar matsalar ita ce ƙofar fita. Farfesa ɗaya kan yaye masu digirin digirgir da dama a rayuwarsa, amma kujera ɗaya zai bari. Tsiraru ne ke samun nasu ɗakin gwajin. Sauran sukan koma kamfanonin magani da na ƙera ƙarfen ɗori da gaɓoɓin roba, ko hukumomin tantance magunguna, ko koyarwa, ko su koma asibiti idan likitoci ne. Shi ya sa taron shekara-shekara na Ƙungiyar Binciken Ƙashi da Ma'adinai ta Amurka, ASBMR, da aka kafa a 1977, da na takwararta ta Turai, ECTS, suka zama kamar kasuwa ga matasa. A nan suke kafa allon bincikensu su tsaya a gefensa, a nan ake raba kyaututtukan matasan masu bincike da kuɗin tafiya, a nan kuma ake cinikin wanda zai je ɗakin gwajin wa.

Inda ake tuntuɓe

Fannin yana da nasa rigingimu. A 2007 ɗakin gwajin Karsenty ya ba da rahoton cewa wani furotin na ƙashi mai suna ostiyokalsin homon ne da ke daidaita sukari a jini. Ɗalibai da yawa a duniya suka gina kundinsu a kan haka. A 2020 wasu tawagogi biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Japan, suka samar da nasu ɓerayen marasa wannan furotin, ba su ga matsalar sukari ba. Har yanzu ana muhawara.

Wannan saɓani ne na gaskiya tsakanin masana. Na Yoshihiro Sato daban ne. Shi likita ne a Japan da ya buga gwaje-gwaje masu yawa da ke nuna cewa bitamin da wasu magunguna na rage karayar ƙugu ƙwarai. Alison Avenell ta Sikotlan da Mark Bolland da Andrew Grey da Greg Gamble na Niyu Zilan suka lura cewa alƙaluman sun yi kyau fiye da yadda rayuwa ke bayarwa. A 2016 suka buga nazarin gwaje-gwaje 33 suka nuna cewa ba za su yiwu ba, daga baya aka janye maƙaloli da dama. Kafin a kai ga haka, alƙaluman ƙaryar sun riga sun shiga wasu nazarce-nazarce da ƙa'idojin jinya.

Tambayoyin da ke jira a gida

Najeriya na da asibitocin ƙashi na ƙasa, irin na Dala a Kano da Igbobi a Legas da na Inugu, kuma likitocinsu na samun horon tiyata mai zurfi. Sai dai tiyatar ƙashi daban, binciken halittar ƙashi daban. Na biyun yana buƙatar ɗakin dabbobi mai sanyi, da firjin da ba ya mutuwa, da sinadaran da ake saya da dala, shi ya sa mafi yawan 'yan ƙasar da ke wannan fanni a waje suka yi horo, ta hanyar tallafin Commonwealth ko DAAD na Jamus ko albashin ɗakin gwajin da ya ɗauke su. Na'urar DXA ma a 'yan cibiyoyi kaɗan take, kuma ma'aunin da ke cikinta an gina shi ne a kan ƙashin matasan mata farar fata na Amurka.

Tambayoyin kuwa suna nan da yawa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da ita a shekara. Sikila cutar jini ce, amma a ƙashi ake jin zafinta. Alamarta ta farko ga jariri sau da yawa kumburin yatsun hannu da ƙafa ne. Lanƙwasassun ƙwayoyin jini na toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai ya mutu ya ruguje, matashi ɗan shekara 20 ya wayi gari yana buƙatar sabon ƙugu. Ƙwayar salmonela, wadda ba kasafai take kama ƙashin sauran mutane ba, tana yawan kama nasu.

A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Nijar, ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙafafun yara masu yawa ya ɓata musu haƙora tun daga tsakiyar shekarun 1980, kafin a gano sababin. Tarin fuka na ƙashin baya, wanda ke sa ƙusumbi, bai gushe ba. Karayar hatsarin babur da mota na cika gadaje, kuma kaso mai yawa na masu karaya wajen maɗori suke fara zuwa, wasu su warke sarai, wasu su iso asibiti da gaɓar da ɗaurin tsinke ya hana jini har ta ruɓe. Wace irin karaya ce ke haɗewa lafiya a hannun maɗori, wace ce kuma ke buƙatar a miƙa ta asibiti a ranar farko, tambaya ce da ɗalibi zai iya bi da na'urar hoton ƙashi da littafin rajista, kamar yadda aka bi yaran Jos.